Bakolori, 1980: Wa Ke da Gona, Wa Ke da Ruwa?



Akwai tambayar da masana suka daɗe suna kai-komo a kanta: shin ɗan Adam yana zuwa duniya da wasu haƙƙoƙi nasa na kansa, waɗanda ba sarki ne ya ba shi ba balle ya ƙwace, ko kuwa duk wani haƙƙi kyautar hukuma ce? Ita kuma wayewar nan da muke tinƙaho da ita, gyara mutum take yi ko ɓata shi? Duk lokacin da aka tayar da wannan zance sai a ruga a ɗauko Turawan ƙarni na 17 da na 18. Ni ma zan taɓo su. Amma a nan ƙasar Zamfara, tsakanin Talata Mafara da Bakura da Maradun, an taɓa yin wannan muhawara a fili da rana tsaka, da katafila da takardun diyya, daga ƙarshe kuma da bindiga. Labarin madatsar ruwa ta Bakolori ke nan.

Mu fara da kogin. Kogin Sakkwato yana tasowa ne daga wajejen Funtuwa, ya ratsa Gusau, ya bi ta ƙasar Maradun, ya gangara kusa da Mafara da Bakura, sannan ya je ya haɗu da Rima a kusa da birnin Sakkwato. Da damina yakan cika ya tumbatsa, ya malale fadamun da ke gefensa, ya ɗan kwana biyu, sannan ya janye ya bar laka da danshi. A kan wannan cika da janyewa mutanen yankin suka ɗora rayuwarsu tun kaka da kakanni. Inda ruwa ke daɗewa a zuba shinkafa, inda yake wucewa da wuri a shuka dawa, a kan tudu kuma gero da wake da gyaɗa da auduga. Idan ruwa ya janye sai lambu ya tashi: albasa, taba, dankali, rogo, barkono, ana ban ruwa da jigo ko da ƙwarya daga rijiyoyin da ba su da zurfi. Masunta na jiran tafkunan da ambaliya ta bari cike da kifi. Makiyaya kuma da rani su sauko da shanu su ci harawa da kara, su bar wa mai gona taki. Kowa ya san lokacinsa, kowa ya san inda haƙƙinsa ya tsaya.

Gona kuwa ba a samunta da ka. Akwai gado, akwai saye, akwai aro, akwai jingina, akwai kyauta, akwai kuma saran daji da iznin mai gari. Iyaka tsakanin gona da gona ba waya ba ce, ba kuma dutsen siminti ba: layin gamba ne, ko wata tsamiya, ko suri, ko tsohuwar hanyar rafi, kuma dattawan gari sun haddace su kamar sunayen 'ya'yansu. Itace ma yana da mai shi. Ɗorawa guda tana iya riƙe tsohuwa shekara da kuɗin kalwa, kaɗanya ta ba da man kaɗe, kuka ta ba da miya, gawo ya ciyar da awaki da rani.

Na tsaya a kan wannan ne saboda kuskuren da ake yawan yi idan ana ba da irin wannan labari. Sai a nuna kamar wayewa ce ta zo ta tarar da mutanen da ke zaman daji. Sam ba haka abin yake ba. Waɗannan garuruwa ne masu sarauta da alƙalai da kasuwanni da makarantun allo da na ilimi: ga Sarkin Mafara, ga Sarkin Burmin Bakura, ga Sarkin Kayan Maradun. Suna da dokar ƙasa rubutacciya tun kafin Bature ya tako. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, ƙanen Shehu Usmanu, ya wallafa littafi sukutum, Ta'alimur Radi, a kan hanyoyin da mutum yake mallakar matacciyar ƙasa. Ƙa'idar Malikiyya a nan sananniya ce: wanda ya raya ƙasar da ba ta kowa ba, ta hanyar sare daji ko haƙa rijiya ko dashe ko gini, ya fi kowa haƙƙi a kanta, sai dai idan kusa da gari take a nemi iznin shugaba. Idan kuma maslahar jama'a ta tilasta a karɓi filin wani, misali don faɗaɗa masallaci ko hanya, to sai an biya shi ƙimarsa. Ba ina cewa zamanin da aljanna ce ba. Mafara kanta ta ɗanɗana kuɗarta a hannun rundunar Sakkwato a 1891, farkon sarautar Sarkin Musulmi Abdurrahman. Abin da nake nufi shi ne, abin da ya faru a Bakolori karo ne tsakanin wayewa biyu, ɗaya tana da tarihi da shaidu, ɗaya tana da taswira da kuɗin fetur.

To, ga Turawan da na yi alkawari. Thomas Hobbes, a 1651, ya ce idan aka bar mutane ba hukuma sai su cinye juna, don haka dole kowa ya miƙa wuya ga mai iko don a zauna lafiya. John Locke ya zo a 1689 da wata magana dabam: tun kafin a kafa hukuma mutum yana da haƙƙin ransa da 'yancinsa da dukiyarsa, kuma abin da ke mayar da ƙasa ta mutum shi ne guminsa da ya zuba a cikinta, an kafa hukuma ne don ta tsare wannan, idan ta koma tana cinsa ta warware alkawari. Duk ɗalibin fiƙihu da ya ji wannan zai ce ai raya matacciyar ƙasa ce aka sake wa riga. Sai Jean-Jacques Rousseau a 1755, wanda ya ɗora laifin a kan wayewar kanta: a ganinsa mutum a asalinsa mai tausayi ne, mallaka da gasa da neman a gan ka su suka haifi fifiko da zalunci. Amma kafin su duka, a 1377, Ibn Khaldun ya riga ya faɗi abin da ni a ganina ya fi dacewa da Bakolori. Ya yarda mutum ba ya iya rayuwa shi kaɗai, kuma dole a sami mai tsawatarwa. Sai dai ya yi gargaɗi cewa idan mai tsawatarwar ya fara taɓa dukiyar talakawa, sai zuciyarsu ta mutu a kan nema, hannu ya yi sanyi, rayuwar gari ta durƙushe, ita ma hukumar ta bi baya.

Akwai wani ƙulli a maganar Locke da ya kamata mu lura da shi. Hujjar nan ta gumi, ita aka juya aka ƙwace ƙasar mutanen asali a Amurka, aka ce ai ba sa amfani da ita yadda ya kamata, don haka kamar kango ce. Da irin wannan ido masu tsara Bakolori suka kalli fadamar Kogin Sakkwato. Sun ga ruwa yana wucewa a banza, sun ga manomi da fartanya, suka yi lissafin tan nawa na alkama za a samu idan aka kama ruwan aka kawo injuna. Shinkafar fadama da albasar rani da kifin tafki da harawar shanu ba su sami gurbin kirki a wannan lissafi ba.

Kafin katafila ta iso, doka ta riga ta share mata hanya, kuma sharar ta ɗauki shekara 75. A watan Maris na 1903, bayan an ci Sakkwato, Lugard ya tara manya ya shaida musu cewa duk ikon da sarakunan Fulani suka samu da yaƙi, har da iko a kan ƙasa, yanzu ya koma hannun Ingila, tunda su ma da yaƙi suka karɓa. A 1910 aka yi dokar da ta sa duk ƙasar Arewa a ƙarƙashin kulawar Gwamna, wai yana riƙe ta amana don amfanin 'yan ƙasa. Gwamnatin Jihar Arewa ta sabunta wannan tsari a 1962. Sannan a watan Maris na 1978 gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta fitar da Dokar Amfani da Ƙasa, wadda ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamnanta. Tun daga nan, a idon doka, manomi ba mai gona ba ne, mai iznin zama ne a kanta. Ana iya soke iznin idan an ce maslahar jama'a ta buƙata, kuma diyyar da za a biya ta abin da ke kan ƙasar ce, wato gini da amfanin gona da itatuwa, ita kanta ƙasar ba ta da farashi. Shi kuwa manomin Bakura da ya gaji gonarsa daga kakansa, ba wanda ya zo ya shaida masa cewa an sauya ma'anar kalmar "tawa". Ya ci gaba da noma, yana fitar da zakka, yana raba gado, har ranar da ya ga masu awo sun kafa sanduna.

A yi adalci, ba don mugunta aka fara tunanin dam ba. A 1969 Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta kammala wani bincike a kan kwarin Sakkwato da Rima, ta ba da shawarar a yi madatsa matsakaiciya a Bakolori, a bi abin sannu a hankali yadda ba zai rikita noman da ake yi ba. Sai abubuwa biyu suka faɗo kusan lokaci guda. Na farko fari: daga 1972 zuwa 1974 damina ta yi gardama a duk faɗin Sahel, dabbobi suka mutu, rumbuna suka ƙare, mutane suka yi ƙaura. Na biyu kuɗi: a ƙarshen 1973 farashin ɗanyen mai ya yi tashin gwauron zabi, baitulmalin gwamnatin Janar Gowon ya cika. Mai yunwa a gabansa, kuɗi a aljihunsa, wa zai ce masa ya bi a hankali? A 1973 aka kafa Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima. Aikin kuma ya faɗa hannun Impresit, kamfanin gine-gine na Italiya da ke ƙarƙashin Fiat, cikin haɗin gwiwa da gwamnatin tarayya. Ɓangare guda ne ya yi nazarin ko aikin zai yiwu, ya faɗi girman da ya kamata ya kai, sannan ya gina. Ko a ginin ɗakin kwana, idan ka bar wa magini ya yanke maka yawan bulon da za ka saya a wurinsa, ka san inda za a kwana.

Aka kammala madatsar a 1978. Tsawon bangonta ya kai kilomita 5.5, tsayinta a tsakiya mita 48. Tafkin da ta tara yana ɗaukar ruwa kubik mita miliyan 450, ya mamaye hekta kusan 8,000. An tsara ba da ruwa ga hekta 23,000: kimanin 8,000 ta magudanan da ruwa ke gangarowa da kansa, sauran 15,000 kuma ta bututun fesa ruwa sama kamar yayyafi, waɗanda ba sa aiki sai da injuna da wuta da kayan gyara daga Turai. A takarda abin gwanin sha'awa ne.

A ƙasa kuwa mutane kashi uku abin ya taɓa, kuma kowane kashi da irin ciwonsa. Na farko su ne na sama, a ƙasar Maradun, waɗanda tafkin ya haɗiye gidajensu da fadamunsu da maƙabartunsu, mutum kimanin 13,000. An yi musu sabbin matsugunai a kan tudu, ƙasa mai tsakuwa wadda ba ta kama ƙafar wadda suka bari ba. Mutumin da ya saba girbi biyu a shekara aka mayar da shi mai jiran sama.

Kashi na biyu, wanda ya fi yawa, su ne na cikin filin aikin, a ƙasar Mafara da Bakura. Su ba a ce su tashi ba. Cewa aka yi su ba da aron gonakinsu a baje a gyara, a ja magudanai, sannan a mayar musu. Ga yadda aron ya kasance: katafila ta bi ta tuge itatuwa, ta kwashe ƙasar sama mai taki ta cike kwari da ita, wani lokaci ma da shuka a tsaye. Wasu suka yi damina biyu, wasu uku, ba su jefa iri a ƙasa ba. Da aka zo mayarwa kuma sai ido ya raina fata. Tsamiyar da ke iyaka babu ita, surin babu shi, layin gamba ya tafi. Shaidar da dattawa suka haddace ta zama banza a yini guda, abin da ya rage shi ne rajistar ma'aikata da lambar fili. Wanda sunansa ya fita daidai ya gode Allah. Wanda aka rage masa, ko aka ba shi wuri mai nisa, ko sunansa ya ɓata gaba ɗaya, sai ya kama zarya ofis. Mai gonar aro da mai jingina da matar da ke da ɗorawa a gonar ƙanenta, su wace takarda za su nuna? Bayan wannan kuma aka ce ga abin da za a shuka da lokacin da za a shuka shi, musamman alkama da rani, ga kuma kuɗin ruwa da na tarakta da za a cire. Manomin da yake sarkin kansa ya wayi gari kamar ɗan ƙodago a gonar ubansa.

Kashi na uku su aka fi mantawa da su, don ba sa cikin taswirar aikin ma: mutanen gangare, daga ƙasan filin har zuwa inda kogin ya haɗu da Rima. Su ba a taɓa gonarsu ba, ruwansu aka riƙe. Shekarun da ake cika tafkin ambaliya ta ragu ƙwarai, bayan nan ma ba ta koma yadda take ba, ga shi kuma ana sako ruwa a lokacin da bai dace da shuka ba. Wani masanin Ingila, William Adams, ya bi ƙauyukan ya auna, ya buga sakamakon a 1985: dubban hekta na shinkafa sun koma gero da dawa, noman rani ya ja baya saboda rijiyoyi sun yi zurfi, kifi ya ragu, masunta da yawa suka bar gida. A nan tambayar haƙƙi ta fi wuya. Gona dai ana iya nuna ta da yatsa. Ambaliya fa, ta wa ce? Ba wanda ya saye ta, ba wanda ya gada a takarda, amma garuruwa sun rayu a kanta ɗaruruwan shekaru. Shari'armu ta san cewa mutane suna tarayya a ruwa da makiyaya, kuma na sama ba ya riƙe ruwa har ya cutar da na ƙasa. Dokar 1978 ba ta da layi ko ɗaya da zai biya wanda aka hana ambaliya.

Mutanen nan ba su fara da faɗa ba, wannan ya kamata a riƙe shi da kyau. Sun bi ta hannun masu unguwanni da hakimai, sun kai kuka ofishin aikin, sun jira. Sojoji suna kan mulki, kowa ya san iyakarsa. Ranar 1 ga Oktoba 1979 aka koma mulkin farar hula: Alhaji Shehu Shagari, ɗan jihar, ya zama shugaban ƙasa, Alhaji Shehu Kangiwa ya zama gwamnan Jihar Sakkwato, wadda Zamfara ke cikinta a lokacin. Sabon tsarin mulki ya zo da babi guda a kan haƙƙin ɗan ƙasa: haƙƙin rai, na taro, na faɗin albarkacin baki, na biyan diyya ba tare da jinkiri ba. Manoman suka ɗauka da gaske ake. A watan Nuwamba suka tari gwamna da kokensu, ya yi alkawarin za a duba. Da suka ga shiru ta yi yawa sai suka tare hanyoyin aikin, suka hana motoci da ma'aikata wucewa, suka tsayar da komai cik. Ba rana ɗaya ba, ba mako ɗaya ba. Ƙauyuka suka riƙa karɓa-karɓa wajen tsaron shingayen, ga kamfani yana lissafin asarar kowace rana a kan gwamnati.

A ƙarshen watan Afrilu na 1980 aka turo 'yan sandan kwantar da tarzoma. Abin ya fi muni a Birnin Tudu, ta ƙasar Bakura, da ƙauyukan da ke kewaye. An yi harbi, an ƙona gidaje da rumbuna, an kama mutane da yawa, wasu suka gudu suka bar garuruwansu. Gwamnati ta ce mutum ashirin da 'yan kai ne suka mutu. 'Yan adawa da masu bincike daga jami'a suka ce adadin ya haura 380. Wata bakwai ke nan kacal da fara aiki da tsarin mulkin da ya yi alkawarin tsare rai.

'Yan uwa masu sha'awar rubuta tarihi, ku dubi tazarar da ke tsakanin waɗannan alƙaluma biyu. Marubuci yana iya jin kwaɗayin ɗaukar babban don labarinsa ya yi armashi, ko ƙaramin don ya zauna lafiya da manya. Abin da ya fi shi ne a kawo su duka a faɗi mai kowanne, a bar mai karatu ya tambayi kansa yadda aka yi ƙasa mai asibitoci da 'yan jarida da majalisa ta kasa ƙirga gawarwakin 'ya'yanta. Mafi yawan abin da aka rubuta a kan wannan lamari da Turanci yake, kamar nazarin Bjorn Beckman, malami a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wanda ya fito a 1985. Waɗanda abin ya faru a kansu kuwa da Hausa suka yi kukansu.

To me Bakolori ta nuna game da halin ɗan Adam? Da Hobbes ya yi gaskiya ɗari bisa ɗari, da mun ga ƙauyukan nan sun afka wa juna da zarar iyakoki sun ɓace. An yi rigingimun iyaka, ba shakka. Amma babban abin da aka gani shi ne mutanen garuruwa dabam-dabam, masu sarakuna dabam-dabam, sun haɗa kai sun tsara kansu ba tare da wata ƙungiyar manoma ta ƙasa ta jagorance su ba. Zubar da jinin kuwa daga ɓangaren mai tsawatarwar ya fi fitowa. Shi ma Rousseau ba zan ba shi gaskiya duka ba, don labarin ba na talaka mai tsarki da ɗan boko mugu ba ne. Da kuɗin diyya suka fara fitowa an yi ta koke a kan sunayen bogi da rage adadin itatuwa da masu shiga tsakani, kuma ba daga Italiya aka zo da waɗannan ba. Da yunwa ta matsa wa waɗanda suka yi shekaru ba noma, 'yan kasuwa da ma'aikata na gida ne suka saye filayensu da arha. Kwaɗayin yana nan tun da can. Abin da sabon tsarin ya yi shi ne ya cire masa takunkumi. A da, wanda zai ci iyakar maƙwabcinsa ya san za su haɗu a masallaci da wurin jana'iza, ya san akwai tsohon da ya ga lokacin da aka dasa gambar. Yanzu kuwa alƙalami ne a wani ofis, mai riƙe da shi bai san fuskar mai gonar ba, gobe ma an yi masa canjin wurin aiki.

Game da haƙƙi kuma, abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne wannan: manoman Birnin Tudu ba su karanta Locke ba, da wuya kuma a ce sun ga takardar haƙƙin ɗan Adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1948. A idon dokar 1978 ma hujjarsu ba ta da ƙarfi. Duk da haka sun san an taɓa wani abu nasu, sani irin wanda mutum zai tsaya a gaban bindiga saboda shi. Mai musun cewa akwai haƙƙin da ya riga doka, sai ya gaya mana sunan abin da suka tsaya a kansa. Hausa ma ta raba mana kalmomin. 'Yanci kishiyar bauta ne. Haƙƙi kuwa abu ne mai nauyi da yake hawa kan wanda ya ci shi. Shi ya sa muke cewa haƙƙin wani ya kama wane, ko haƙƙi ba ya barci. A bakin Bahaushe, haƙƙi ba ya jiran majalisa ta zauna. Idan kuna fassara ko kuna rubuta labari, kada ku riƙa musanya kalmomin nan biyu kamar abu guda ne. Haka "ci gaba" da "wayewa": kafin ku sa su a bakin wani jarumi, ku tambayi kanku wa ya ci gaban, wa aka bari a baya.

Wani zai ce, to ai ga dam ɗin yana amfani. Gaskiya ne, kuma rashin faɗin haka rashin adalci ne. Duk wanda ya bi hanyar Gusau zuwa Sakkwato da rani ya ga koren shinkafa a wajen Mafara lokacin da ko'ina ya bushe. Dubban gidaje na ci daga wannan ruwa, kasuwar Talata na cika da buhuna, matasa na samun aikin dashe da yanka da sussuka. Jikokin waɗanda suka tare hanya a 1980 suna cikin masu noman. Sai dai a lura da wane ɓangare ne ya rayu. Bututun fesa ruwan nan na zamani, wanda ya fi cin kuɗi kuma ya fi faɗi, bai yi ƙarko ba: injuna suka lalace, wuta ta gagara, aka kwashe bututu, zuwa farkon shekarun 2000 ya daina aiki. Abin da ya tsaya shi ne magudanan da ruwa ke bi da kansa, wajen hekta 7,500 zuwa 8,000, wato kusan girman abin da tafkin ya cinye, ba a ma sa fadamun gangare a lissafi ba. Alkamar da aka yi ta dagewa a kanta ta ja baya, manoma suka koma wa shinkafar da suka sani tun farko. A wurare da yawa ma sai ƙaramin injin ban ruwa da rijiyar burtsatse suka maye gurbin jigo, abin da bai buƙaci a tashi kowa daga gidansa ba.

An ƙirƙiri Jihar Zamfara ranar 1 ga Oktoba 1996, garuruwan uku kowanne yana hedikwatar ƙaramar hukumarsa. A 2014 Bankin Duniya ya amince da bashi don gyara manyan ayyukan ban ruwa na Arewa a ƙarƙashin shirin TRIMING, Bakolori na sahun gaba. Wani babban ginshiƙin shirin shi ne a kafa ƙungiyoyin masu amfani da ruwa, manoma su riƙa kula da magudanai da kansu, a riƙa shawara da su kafin a yanke hukunci, kusan abin da rahoton 1969 ya nuna tun kafin a tuge itace ko ɗaya. Ita kuwa Dokar Amfani da Ƙasa tana nan daram. An cusa ta cikin tsarin mulkin 1979, aka sake cusa ta a na 1999 a sashe na 315, yadda ba a iya taɓa ta sai an bi duk matakan gyaran tsarin mulki, da amincewar kashi biyu cikin uku na majalisun jihohi.